Me ya sa layukan sababbin unguwannin Kano ba sa ɓullewa?

Tambaya: Na gina gida a wata sabuwar unguwa ta awon igiya a bayan garin Kano. Daga ƙofar gidana ina hango makarantar da yarana suke zuwa, amma babu layin da ya ɓulla can, sai an fita bakin titi an zagayo. Ga shi kullum ana gina gadar sama, cunkoso kuma yana nan daram. Yawan jama'a ne ya jawo haka, ko garin ne ya yi faɗi fiye da kima? Kuma akwai gyara?

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri a sabon gida, ya sa an shiga a sa'a. Yawan jama'a yana da nasa kason, faɗin gari ma haka, amma ba su suka hana yaranka miƙewa zuwa makaranta ba. Abin da ya hana su shi ne yadda aka yanka gonar da ka yi gini a cikinta, aka kuma yanka ta maƙwabta, ba tare da wani ya tsaya ya ce layin wannan sai ya haɗu da layin waccan ba. Tsara birane ne aikina, kuma a duk matsalolin Kano babu wadda take damuna kamar wannan. Rashin kwalta ana gyara shi a shekara guda idan kuɗi sun samu. Hanyar da ba a bari ba tun ranar awo kuwa, jikokinka ma sai sun zagaya.

Idan muna son sanin ko hanyoyin unguwa a haɗe suke, abu uku muke dubawa. Muna ƙirga mahaɗar hanyoyi nawa ce a cikin murabba'in kilomita ɗaya. Muna duba nawa ne a cikinsu mararraba mai kai huɗu, nawa ne mai kai uku, nawa ne kuma layin da ya je ya ci karo da katanga ya mutu. Sannan mu gwada tazarar wuri biyu a miƙe da tazarar da ƙafa za ta taka kafin ta isa. Idan tsakaninka da makarantar mita 300 ne a miƙe, yaro kuma sai ya taka kilomita ɗaya da rabi, ka ga ya yi tafiyar sau biyar ke nan, safe da rana, kullum.

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai, UN-Habitat, tana ba da shawarar a ware wa hanyoyi kimanin kashi 30 cikin 100 na filin gari, a samu aƙalla kilomita 18 na hanya a kowane murabba'in kilomita, da mahaɗa 80 zuwa 100. Lissafin ba shi da wuya. Ɗauki fili mai kilomita ɗaya tsawo da faɗi, ka ja layi duk bayan mita 100 gabas da yamma, ka ja kudu da arewa. Ka samu kilomita 20 na hanya da mahaɗa 100. Duk inda mutum ya nufa a cikin wannan fili yana da zaɓin hanya, idan an toshe nan ana biki ya bi can.

Kuma ba Kano kaɗai ba ce. Wasu malaman jami'a biyu, Christopher Barrington-Leigh da Adam Millard-Ball, sun bi taswirar hanyoyin duniya ta OpenStreetMap suka auna haɗuwarsu gwargwadon lokacin da aka gina kowane yanki, suka fitar da sakamakon a 2020. Sun gano cewa tun daga 1975, a kashi 90 cikin 100 na ƙasashe 134 da suka fi yawan jama'a, hanyoyin da ake yi sababbi sun fi tsofaffi yankewa. Kashi 29 cikin 100 ne kawai suka fara gyaruwa bayan 2000. Amurka, wadda ta yi suna da unguwannin 'yan mota masu layuka matattu, ta kai ƙololuwa wajen 1994 ta fara dawowa. Wato mu yanzu muke rungumar abin da masu shi suka soma saki.

Kano kuwa ba gari ɗaya ba ne ta fuskar hanya, kowane zamani da irin zanen da ya bari.

Cikin birni, wanda Sarki Gijimasu ya fara kewaye shi da ganuwa a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a ƙarni na 15, an gina shi ne don ƙafa da jaki da raƙumi. Manyan hanyoyi suna tasowa daga ƙofofi, Ƙofar Mata, Ƙofar Wambai, Ƙofar Mazugal, Ƙofar Ruwa, Kabuga, Na'isa, su gangaro Kurmi da Gidan Rumfa. Tsakaninsu kuma lunguna ne birjik. Baƙo zai ce ba su da kai, amma ɗan Yakasai ko ɗan Ƙoƙi zai ratsa da kai daga wannan unguwa zuwa waccan ba tare da kun taka kwalta ba. Akwai lungun da ba ya ɓullewa a birni, da gangan ma aka yi shi, don zuri'a ɗaya ta samu sutura, amma gajere ne, taku kaɗan ka fito ka faɗa wanda yake wucewa. Ga masallaci, ga makarantar allo, ga mai shago, ga kasuwa, duk a kusa. Shi ya sa nake taka-tsantsan da alƙaluman da ake cirowa daga taswirar kwamfuta: lungun da mota ba ta shiga sau da yawa ba a zana shi, sai a yi wa tsohon gari hukuncin da bai dace da shi ba. Matsalar birni ƙunci ce, ba yankewa ba.

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913. Je ka duba layukansa, New Road, Church Road, Enugu Road, Aba Road da sauransu: a jere suke, kowanne ya fita. Fiye da shekara ɗari ke nan, gidajen ƙasa sun koma benaye, gidajen kwana sun koma shaguna da otal, jama'a sun ninka sau da yawa, amma layukan suna nan inda aka ja su, suna ɗaukar nauyin. Fagge da Gwammaja da Gyaɗi-Gyaɗi ma, duk da cikarsu, layi yana kai ka wani layin. Sai dai Turawan nan su ne kuma suka fara koya mana raba gari. Dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 ta sa a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, aka yi Nasarawa da Bompai da manyan filaye da hanyoyi kaɗan. Tun daga nan ido ya saba cewa unguwar manya ita ce wadda ba a ratsa ta.

Bayan samun 'yanci an yi wa birnin Kano da kewayensa tsari na shekara 20, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranta, daga 1963 zuwa 1983. Wa'adinsa ya ƙare, garin bai tsaya jiran wani ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, wato a takarda babu mai yanka fili sai hukuma. A ƙasa kuwa, filayen awon gwamnati ba su taɓa isar masu nema ba, samun takardar mallaka kuma sai mai haƙuri ko mai hanya. Lokacin ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas na cikin gari, Birni da Dala da Fagge da Gwale da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, suna da mutum kusan miliyan 2.8. Ina talaka zai kai iyalinsa? Sai ya nufi mai gona. Haka Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa da Ɗorayi da Sheka da Rimin Kebe suka cika, haka kuma unguwarku take cika yanzu. Ban ga laifin wanda ya saya ba, ban kuma ga laifin wanda ya sayar ba. Awon igiya shi ya rufa wa akasarin Kanawa asiri.

To amma dubi yadda ake yin sa. Ƙasar da ta kewaye Kano tun fil azal cike take da mutane, gonakinta ƙanana ne, rabon gado kuma yana ƙara tsattsaga su. Mai gona ya rasu, magada sun raba, ɗaya yana son kuɗin aurar da 'ya ko kujerar Makka. A kira dillali, ya zo da mai awo da igiyarsa ko tef, ga yara ɗauke da turaku da bulo na kafa alama a kusurwa, ga wakilin mai unguwa zai shaida. Hekta ɗaya, idan ba a bar hanya ko kaɗan ba, tana ba da fuloti 21 mai ƙafa 50 da 100. Idan aka ware kashi 30 cikin 100 don hanya, sai ta koma 15. Fuloti shida ke nan suka tafi, kowanne da kuɗinsa da la'adarsa. Sai ka ji ana cewa ƙafa 20 ai ta yi wa layi yawa, a bar 15, mota dai za ta wuce. A ja layin daga bakin hanya har ƙarshen gona. Da an zo ƙarshen sai a tsaya a dubi gurbin da ya rage tsakanin fuloti na dama da na hagu, wani ya ce wannan kuma me za a bar shi ya yi, bayansa ai gonar wane ce, ba hanya ba ce. Sai a mayar da shi rabin fuloti a sayar da rangwame.

A nan layinku ya mutu, Malam. Babu mugunta a ciki. Idan mai gonar ya bar gurbin, ba shi zai amfana ba, maƙwabcinsa ne zai samu hanya kyauta, filinsa ya yi daraja. Shi kuma maƙwabcin sai bayan shekara uku ko biyar zai yanka tasa, da wani dillalin, ya auno daga wani ɓangaren, layukansa su kalli inda suka ga dama. Ko da an yi sa'a duka biyun sun bar gurbi, sai ka tarar sun goce wa juna da ƙafa 30, katanga ta shiga tsakani. Idan ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam na irin waɗannan unguwanni a wayarka, za ka iya gane iyakokin tsofaffin gonaki ɗaya bayan ɗaya, domin duk inda layuka suka karye, nan ne kan iyaka. Hanyoyin da suke ratsawa daga farko har ƙarshe kuwa, in ka bincika, tsohuwar turbar ƙauye ce ko burtalin shanu. Fulani da 'yan cin kasuwar ƙauye su suka bar mana 'yan hanyoyin da muke taƙama da su a bayan gari, su ma ana ta cin gefensu.

Ƙafa 15 ɗin ma ba ta tsira. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa masai a waje, wani ya ɗora matakala, wani ya fitar da shago, ga turken wuta a tsakiya, ga kwata kowa ya ja tasa. Kafin shekara goma, a-daidaita-sahu biyu ba sa iya giftawa.

Akwai wasu abubuwa biyu da suke ƙara yanka garin. Na farko manyan filaye masu katanga: filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, barikokin soja, harabar Jami'ar Bayero tsohuwa da sabuwa, layin dogo, rukunin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Lokacin da aka kafa su a bayan gari suke, yanzu gari ya haɗiye su, kowanne kuma sai an kewaye shi. Wannan ba laifin kowa ba ne, amma ya kamata a ce an ja hanya mai faɗi a jikin kowace katanga tun kafin gidaje su manne mata. Na biyu shi ne yayin rukunin gidaje masu get ɗaya, irin na Lokogoma da Lugbe a Abuja, wanda yake shigowa Kano da ƙarfinsa. Gida ɗari biyu, ƙofa ɗaya, katanga ta zagaye. Na ciki yana jin daɗi, amma wanda yake bayan katangar an ƙara masa kilomita, na cikin ma ba ya sayen burodi sai ya tayar da mota. Su ma manyan rukunan da gwamnati ta gina tsakanin 2011 da 2015, Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, titunan cikinsu shimfiɗaɗɗu ne masu kyau. Abin tambaya a kan kowane irin wannan aiki shi ne ta ƙofa nawa yake gaisawa da unguwannin da za su taso a kewayensa.

Ba na raina dalilin masu sa get a bakin layi. Wanda ya ga hare-haren bama-baman da aka kai Kano ranar 20 ga Janairun 2012, ko aka yi wa ɗansa ƙwacen waya a ƙofar gida, ko 'yan daba suka taɓa ratsa layinsu da tsakar dare, ba za ka ce masa ya bar ƙofa a buɗe don ka karanta wani littafi ba. Abin da nake roƙo shi ne a bambance. A rufe wa mota da dare a sa 'yan sintiri, da rana a buɗe, ƙaramar ƙofar masu ƙafa kuma kada a garƙame ta. Layin da mutane suke wucewa, mai shayi yana bakinsa, dattawa suna zaune a dakali, ya fi layin da babu kowa tsaro. Get da aka yi wa walda aka jefar da makulli kuwa katanga ce.

Yanzu ga alaƙar wannan da cunkoson da ka ambata. Idan layuka ba sa haɗuwa, unguwa tana zama kamar bishiya: ganye sai ta reshe, reshe sai ta gindi. Gindin Kano kuwa 'yan tituna ne da suka fita daga tsakiya, titin Zariya, na Maiduguri, na Haɗeja, na Katsina, na Gwarzo, da na Panshekara da Madobi. Mai kai yara makarantar da ke bayan gidansa sai ya hau titin. Mai zuwa gaisuwar mutuwa a unguwar da ke maƙwabtaka sai ya hau titin. Can zai haɗu da tirelar da ta ɗauko hatsi daga Dawanau, da motar da ta taso daga Daura, da ɗan kasuwar da zai je Kantin Kwari. Tafiyar da bai kamata ta taɓa babban titi ba ita ce take cika shi. Wanda yake gefen titin Katsina yana son zuwa gefen titin Gwarzo, galibi sai ya shigo ciki sannan ya sake fita, domin hanyoyin da suke haɗa wannan titi da wancan ba su taka kara sun karya ba.

Gadar Ƙofar Nasarawa, da ta Dangi, da ta Hotoro, da gadar ƙasa ta Kabuga, kowacce ta sauƙaƙa mahaɗar da aka gina ta a kai, ban musa ba. Amma gada ba ta rage yawan masu hawa titin. Tana kwashe su da sauri ta zube su a mahaɗa ta gaba. Kuma duk lokacin da tuƙi ya yi sauƙi na ɗan lokaci, mutane suna ƙara nisa wajen sayen fili, su dawo da ƙarin motoci. Ga mai tafiya a ƙasa kuwa, titin da aka raba da kankare aka ɗora masa gada ya zama wani shingen. Kuɗin gada ɗaya, da za a zuba su wajen buɗe hanyoyin haɗi a cikin unguwanni, da an cire dubban tafiye-tafiye daga babban titi gaba ɗaya. Sai dai irin wannan aiki ba shi da kyan hoto ranar buɗewa.

Wanda ya fi shan wahalar ba mai mota ba ne. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, a-daidaita-sahu ne ƙafar talaka, shi kuma direba ba ya son shiga layin da zai dawo babu kowa, sai ya ajiye ka a bakin titi ko ya ninka kuɗi. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kowane zagaye ya zama kuɗin cefane. Mai kurar ruwa yana ƙara wa jarka kuɗi idan lungun ya yi nisa. Na ga gobara a irin wannan unguwa: motar kwana-kwana ta zo a kan lokaci, ta tsaya a bakin layi ta kasa karya kwana, tiyo bai kai ba, matasa suna miƙa bokiti hannu da hannu har rufin ya rufta. Mace mai naƙuda da tsakar dare sai an riƙo ta zuwa inda mota ta iya tsayawa. Bututun ruwa, magudana, turakun wuta, motar kwashe shara, duk hanya suke bi. Inda layi ya mutu, nan kwata take mutuwa, ruwan Agusta ya rasa mafita, musamman da aka cike kududdufan da suke shanye shi aka yi gini a kai.

Hanya kuma ita ce abin da ya fi komai daɗewa a gari. Gobarar 1666 ta cinye akasarin tsakiyar Landan, masana suka kawo sababbin zane-zane, amma kowa ya koma kan iyakar filinsa, aka sake gini a kan tsofaffin lunguna. Manhattan a birnin New York har yau tana tafiya a kan layukan da aka zana a 1811, lokacin da yawancin wurin gonaki ne. Kusa da mu, Maraɗi tana cikin kwarin Gulbi har ambaliyar 1945 ta sa aka mayar da ita kan tudu aka yanka ta layi-layi. Yawancin layukan sun daɗe suna rairayi, amma a buɗe suke, duk ranar da kuɗin kwalta ko na famfo suka samu ba sai an rushe gidan kowa ba. Ba ina cewa yanka layi yana hana gari yaɗuwa ba ne, Yamai ma ta bazu ƙwarai da filayen da aka yanka. Gari mai haihuwa da baƙi irin Kano dole ya faɗaɗa. Zaɓin da ke hannunmu shi ne ya faɗaɗa da hanya ko babu ita.

Game da naka layin, akwai abin yi idan ba a makara ba. Ka bi shi har ƙarshe ka ga abin da ya toshe. Idan fili ne ba a gina ba, ko kango, ku haɗu ku da mutanen ɗaya gefen, domin su ma suna buƙata, ku je wa mai unguwa, a nemo mai filin a saya ko a yanki ƙafa 10 zuwa 12 a gefensa a biya shi. Ko mota ba ta wuce ba, ƙafa da keke da babur da kurar ruwa da makara za su wuce, wannan kuwa shi ne mafi yawan zirga-zirgar unguwa. A rubuta takarda, dagaci ya sa hannu, a kai kwafi ƙaramar hukuma da hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, sannan a yi wa wurin kwata da daɓe nan take, don filin da aka bari haka nan ba ya rasa mai cewa nasa ne. Mai hali da yake neman sadaka mai gudana, ga ta nan. Addininmu ma bai bar hanya a hannun son rai ba: Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya yi hukunci idan aka yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta kamu bakwai, wato wajen mita uku da rabi, a zamanin da raƙumi da kayansa ne babbar mota. Malaman Malikiyya kuma sun bambance hukuncin hanya mai ɓullewa, wadda haƙƙin kowa ce, da wadda ba ta ɓullewa. Ina jin daɗi idan na ji limami ya taɓo cin hanya a huɗuba, domin mutumin da ba zai ɗauki allurar wani ba sai ka ga ya ci ƙafa uku na layi hankalinsa kwance.

Wanda bai saya ba tukuna, kada ya tsaya a kallon fulotin. Ya taka layin ta kai biyu, ya auna faɗinsa da kansa, ya tambayi inda ruwa yake bi da damina, ya ƙirga hanya nawa ce take fitar da shi zuwa titi. Fuloti mai araha a layin da ya mutu, cikon kuɗinsa ana biyan su ne a hankali a wajen mai a-daidaita.

Babban gyaran kuwa yana can inda gini bai kai ba: sauran gonakin Ungogo da Kumbotso, da gefen Gezawa, Dawakin Kudu, Dawakin Tofa, Tofa, Madobi da Warawa. Ba sai gwamnati ta yanka kowane fuloti ba, ba za ta iya ba ma. Abin da za ta iya shi ne ta riga magina isa, ta shata manyan hanyoyi masu faɗin mita 30, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kilomita ɗaya, ta biya diyyar wannan zirin kawai. Da haka babu gidan da zai wuce tafiyar minti goma daga inda motar haya take bi. Habasha ta gwada wannan tun 2013 a Hawassa da Adama da Bahir Dar da Mekele tare da masana daga Jami'ar New York. A Valledupar ta Kolombiya bishiyoyi aka dasa a gefen hanyoyin da ba a gina ba tukuna don kowa ya san iyaka. Mu da muke da darbejiya, wadda ba ta neman ban-ruwa bayan ta kama, wannan ba zai gagare mu ba. Idan kuɗin diyya ne matsala, akwai dabarar da Ahmedabad ta Indiya ta bi ta samu filin titin zobe mai kilomita 76: a haɗe gonakin yanki wuri guda, a cire kason hanya daga kowa daidai gwargwado, a mayar wa kowa ragowarsa a bakin hanya. Filin ya ragu, kuɗinsa ya ƙaru, kuma babu wanda ya ɗauki asarar shi kaɗai, wadda ita ce ainihin abin da yake sa mai gona toshe layi.

Cikin kowane murabba'in kilomita kuma a bar awon igiya ya ci gaba, amma da sharaɗi. Babu cinikin gona a ƙasar Kano da yake ƙarewa ba tare da sanin mai unguwa da dagaci ba, don haka su ne ƙofar da ta fi kusa. Hakimi zai iya tara dagatansa, hukuma ta ba kowannensu hoton yankinsa daga sama da ma'aikacin awo ɗaya, a tsayar da ƙa'ida uku: layi kada ya gaza ƙafa 30, kowane layi ya tafi har kan iyakar gona a bar bakinsa a buɗe, wanda ya zo yanka gonar gaba kuma dole ya ɗora daga wannan bakin. Burtali da tsohuwar turba a auna su a kafa musu alama kafin a taɓa gonakin gefensu. Wanda ya cika sharuɗɗan a sauƙaƙa wa masu sayen filayensa samun takardar mallaka, yadda dillali da kansa zai riƙa tallar cewa nasa awon mai takarda ne, ya sa masa kuɗin da zai mayar da fuloti shidan da aka bar wa hanya.